Gwanin Da Ba A San Sunansa Ba

Kwanan baya wata lalura ta kai ni Birni, na gama abin da ya kai ni tun kafin azahar, sai na ce bari in leƙa Gidan Makama kafin in nemi motar Zakirai. Duk wanda ya san Kano ya san gidan nan, yana nan kusa da Ƙofar Kudu ta gidan Sarki. Masana tarihi sun ce an gina shi ne domin Muhammadu Rumfa tun yana Makama, kafin ya hau gadon sarautar Kano cikin 1463. Yanzu kuwa ya zama gidan ajiye kayan tarihi. Na shiga na yi ta bi ɗaki ɗaki, na ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin ganuwa, na ga kayan yaƙi na mutanen da, na ga hotunan sarakuna. Da na iso wajen kayan sana'a sai na tarad da waɗansu 'yan makaranta sun yi cincirindo, malaminsu yana yi musu bayani. Wani yaro a cikinsu, wanda bai fi shekara goma sha biyu ba, ya nuna wani baƙin akushi da yatsa, ya ce, "Malam, wannan kuma mene ne?"

Tambayar nan ta tsaya mini a rai. Ni da na ke cikin shekara arba'in da 'yan kai, cikin irin akushin nan na ci tuwo tare da kakana, ni ne ma a kan aika in ɗauko shi daga ɗakin kakata bayan magariba. Ga shi tun ban yi furfurar kirki ba ya zama abin da a ke tambayar sunansa. Ina cikin mota ina juya maganar, sai na tuna da wani littafi da wani aboki ya taɓa ara mini, mai hotunan kwanoni da tufafi da tukwane na wani gida a ƙasar Japan. Tun daga ran nan na ke so in auna abin da mai gidan nan ya faɗa da abin da mu ke da shi a nan, in ga inda ya yi gaskiya da inda na ke ganin ya kauce.

Sunan mutumin Yanagi Soetsu. An haife shi cikin 1889, ya rasu cikin 1961. Shi ba magini ba ne, ba masaƙi ba, malami ne mai zurfin karatu, ɗan manyan gida. A zamaninsa Japan ta duƙufa wajen kafa masana'antu irin na Turai, mutane suna zubar da kayan kakanninsu suna sayen na inji. Shi kuwa sai ya riƙa bin kasuwannin tsofaffin kaya da ƙauyuka yana tsintar abin da a ke zubarwa. Cikin 1925 shi da abokansa biyu, magina tukwane, Hamada Shoji da Kawai Kanjiro, suka ƙago wata kalma, mingei, watau sana'ar talakawa. Cikin 1936 ya buɗe gidan ajiye irin kayan nan a unguwar Komaba cikin birnin Tokiyo, wani attajiri mai suna Ohara Magosaburo ya ba da kuɗin ginin. Gidan yana nan har yau, kayan da ke cikinsa sun kai wajen 17,000, ba a kuwa fito da su gaba ɗaya, sai a riƙa sauya nuni 'yan lokuta a shekara. Akwai kwanonin cin abinci, da tulunan ajiye mai, da kwanduna, da rigunan manoman arewacin ƙasar waɗanda aka rina da shuni aka bi su da ɗinkin farin zare, da wani irin yadi na tsibirin Okinawa da a ke saƙawa da zaren jikin ayaba.

Ga taƙaitaccen ra'ayinsa. Ya ce kyau na ainihi ba ya cikin abin da gwanin fada ya yi shekara yana yi wa sarki domin a yabe shi. Yana cikin abin da a ke mora kullum, mai araha, wanda aka yi da yawa, da ƙasar wurin ko itacen wurin, wanda kuma mai yinsa bai sa masa suna ba. Dalilinsa kuwa shi ne, hannun da ya maimaita aiki ɗaya sau dubu ya kan daina tunanin kansa, aikin ya riƙa fitowa ba tare da ƙaƙale ba. Shi ya ɗauko hujjarsa daga addininsu, amma mu ma ba baƙin maganar ba ne. Tun muna makarantar allo aka koya mana cewa riya tana ɓata aiki. Abin da Yanagi ya ƙara shi ne, a ganinsa riya ta kan fito har a jikin tukunya, ido kuwa yana iya ganinta.

To, a wannan gefen na yarda da shi, kuma ba don ya zo daga nesa ba. Na yarda ne don na gwada maganarsa a kan kayanmu na ga ta zauna daram.

Ku ɗauki randa. Mai gini ya kan kife tsohuwar tukunya, ya barbaɗa mata toka, ya shimfiɗa yumɓu a bayanta yana bubbugawa har gindin ya fito, sa'an nan in ya sha iska ya ɗaga ya ɗora kafaɗa da wuya. A gasa ta a fili da kara da ciyawa da busasshen kashin shanu. Ba ma'auni, ba zane a takarda. Amma ku tsaya ku dubi randar ƙwarai da safe, sa'ad da rana ta bugi gefenta. Cikin ya buɗe daidai inda nauyin ruwa ya ke bukata, wuyan ya tsuke daidai yadda ƙura ba za ta yi yawa ba, bakin kuwa ya isa moɗa ta shiga ta fita ba ta bugu ba. Inda harshen wuta ya lasa ya bar baƙi-baƙi a kan ja, babu randa biyu da tabonsu ya zo ɗaya. Ba wanda ya zauna ya shirya tabon nan, amma in ka goge shi ka rage mata kyau. Kowace gaɓa a jikinta aiki ne ya jawo ta, shi ya sa ido ba ya gajiya da ita.

Haka akushi. Masassaƙi da gizagonsa ya bar masa kauri domin tuwo ya daɗe da zafi, ya ƙona bayansa, aka shafe shi da mai. Sauran kyan kuwa hannuwan masu ci ne suka ƙarasa shi, shekara da shekaru, har bakinsa ya yi santsi yana ɗaukar ido. Sabon akushi bai kai tsoho kyau ba. Kwanon roba kuwa ran da aka saye shi ran nan ne iyakar kyansa, daga nan sai koɗewa.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne saƙi. Masaƙi yana zaune ƙarƙashin inuwa, kunkurunsa can nesa yana jan zaren, ƙoshiya tana kai da komo, ƙyallen da ke fitowa bai wuce faɗin tafin hannu ba. Baƙin zare da fari ne kurum, amma in aka haɗa ƙyallayen aka ɗinka riga sai ka ga kamar jikin zabuwa. Zaren hannu ba ya zuwa daidai, wani wuri mazari ya yi kauri, wani wuri ya sirance, shuni kuma ya kama wani wuri fiye da wani. Wannan rashin daidaito shi ne ran tufar. Na ga yadin kanti da aka buga masa zanen saƙi, kome daidai wa daida, amma a mace ya ke. Da na ga hoton rigar manomin Japan mai shuni da farin ɗinki, na rantse da an ce mini daga Minjibir ta fito da sai na ɗan tsaya kafin in musa.

Akwai kuma yadda a ke jera kaya a gidan nan na Tokiyo, wanda ya cancanci a duba shi. Yanagi bai yarda a cika wa mai kallo kunne ba. Kusa da kowane abu sai ɗan ƙaramin baƙin allo da jan rubutu, an faɗi sunan abin da ƙasar da ya fito da zamaninsa, shi ke nan. Nufinsa ka fara gani kafin ka sani, kada bayani ya shiga tsakanin idonka da abin. Gidan Makama kuwa gidan tarihi ne, aikinsa dabam. Can akushi shaida ne, an kawo shi ya ba da labarin yadda mutanen da suka zauna, kamar yadda a kan kira dattijo gaban alƙali ya faɗi iyakar gona. Wannan aiki ne mai amfani, in babu shi da yaron nan bai ma sami abin da zai nuna da yatsa ba. Sai dai shaida in ya gama ba da shaidarsa a kan sallame shi. Mai kallo ya kan fita da cewa, "Allah sarki, haka mutanen da suka yi fama," ba ya fita da cewa, "Kai, wannan abu da kyau ya ke, ina ma in sami irinsa." Tsakanin maganganun nan biyu akwai tafiya mai nisa, kuma ta biyun ce kaɗai ke kai mutum rumfar masassaƙi.

Kada kuwa wani ya ce mu ba mu san nuni ba sai da aka koya mana. A Gidan Makaman nan akwai ɗakin da aka shirya kamar ɗakin amarya, shi ya tuna mini cewa matanmu sun daɗe da sanin wannan ilmi. Mene ne jere in ba nuni ba? Mata su kan wuni suna ɗora wannan bisa wancan, su ja da baya su duba, su sāke, har sai ido ya gamsu. Kakanninmu da ƙore masu zane da fayafai na kaba da aka rina da karan dafi suka yi nasu. Amma fa a nan ne kuma kayan waje suka fara korar namu, gama jere wurin nuna arziki ne. Tasoshi suka kori ƙore, kwanonin fenti suka kori tasoshi, samira da tangaran suka biyo baya, aka kulle su cikin kabet. Ba Bature ne ya shiga ɗakin ya fitar da ƙwarya ba, mu ne da hannunmu, don kada a ce 'yar wane an kai ta da kayan ƙauye.

Yanzu sai inda na rabu da Yanagi, watau maganar suna.

Littafin nan da aka ara mini, abokinsa Bature Bernard Leach ne ya shirya shi da Turanci cikin 1972, ma'anar sunan littafin kuwa ita ce gwanin da ba a san shi ba. Tambayata ita ce, wa ne ne bai san shi ba? Uwata in za ta aika a sayo randa ba ta cewa a sayo randa. Sai ta ce a sayo ta wance, in ba a sami ta wance ba a dawo mata da kuɗinta. Ran kasuwa ta kan ƙwanƙwasa tukunya da yatsa, ta saurari amonta, ta ce wannan ba hannun wance ba ne, hannun 'yarta ne, ba ta gama ƙwarewa ba tukuna. Babu tambari a jikin tukunyar, amma sunan yana nan a siffar wuyanta, duk matan karkarar suna karanta shi, har waɗanda ba su taɓa riƙe alƙalami ba. Ashe rashin suna ba halin tukunya ba ne, halin baƙo ne wanda ya zo daga nesa ya saya a hannu na uku. Shi ne bai sani ba, sai ya mai da rashin saninsa ya zama wata daraja ta abin.

Akwai wani kwano da Yanagi ya yi dogon rubutu a kansa, a na kiransa Kizaemon. A ƙasar Koriya aka yi shi wajen ƙarni na 16, aka kai shi Japan, masu bikin shan shayi suka ɗaukaka shi har ya zama ɗaya daga cikin dukiyoyin ƙasa, yana ajiye a wani wurin ibada a birnin Kiyoto, akwati cikin akwati. Yanagi ya gan shi cikin 1931, ya ce abin da ya burge shi shi ne kwanon talaka ne kawai na cin shinkafa, wanda ya yi shi bai san ya yi abin kirki ba. Ku lura da sunan. Kizaemon ba sunan maginin ba ne, sunan wani attajirin Japan ne da ya taɓa mallakar kwanon. Sunan mai saye ya rayu shekara ɗaruruwa, na mai yi ya ɓata. Kuma sa'ad da Yanagi ya ke wannan yabo, Koriya tana ƙarƙashin mulkin Japan, tun daga 1910 har 1945. A yi masa adalci, ya ƙaunaci mutanen nan, ya yi rubutu cikin 1922 yana roƙon kada a rushe babbar ƙofar fadarsu, ya kuma buɗe gidan ajiye kayan sana'arsu a birnin Seoul cikin 1924. Duk da haka, in mai mulki ya ce da wanda a ke mulka, "Kyan aikinka shi ne ba ka san kana da kyau ba, ni ne na gano maka," akwai abin da ke yi mini ƙaiƙayi a maganar. Mu da Turawa suka mulka daga 1903 mun saba jin irin yabon nan. Wa ya shiga zuciyar maginin ya tabbata bai sani ba? Wance ta uwata ta san ta fi sauran, shi ya sa ba ta ragi.

Abokan Yanagi ma ba su iya riƙe ka'idar ba. Hamada ya daina buga tambari a jikin tukwanensa, amma ya kan sa hannu a murfin akwatin katakon da a ke sayar da su ciki, masu kuɗi kuwa suka riƙa sayen akwatin tare da abin da ke ciki da tsada. Cikin 1955 gwamnatin Japan ta sa shi cikin gwanayen da ta ke kira dukiyar ƙasa mai rai. Kawai shi ne ya ƙi karɓar irin wannan girma. Ba na zargin Hamada, gwani ne, yabon gwani kuwa ya zama dole. Amma ka'idar da ta bar malamin birni da sunansa, ta ce na ƙauye shi ya zauna ba suna don a nan albarkarsa ta ke, ba ta yi rabon adalci ba.

Mu a ƙasar Hausa ba al'adarmu ba ce mu ɓoye gwani. Muna da Sarkin Maƙera da Sarkin Magina, muna da unguwanni a Birni da sana'a ta ba su suna, kamar Dukawa da Soron Ɗinki. A Zariya har yau a na ambaton Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na birnin a ƙarni na 19, akwai ma unguwar da a ke kira Babban Gwani. Inda sunaye suka ɓace shi ne a takarda. Baturen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarimu, ya zo Kano cikin 1851, ya ƙiyasta tufafin da a ke fitarwa daga nan a shekara sun kai na wuri miliyan 300 a ƙalla, suna zuwa har Tambutu da Gat da Tarabulus. Ya yaba da cewa a cikin gidaje a ke aikin, kowane iyali da nasu. Dubban masaƙa da marina da mata masu kaɗi ne suka tara wannan dukiya, amma tarihi sunayen sarakuna da fatake ya riƙe. Mu ma'abota alƙalamin ofis muna da namu laifin. Tun kafin Turawa akwai kuɗin karofi da a ke karɓa a kan ramukan rini, a zamanin En'e kuma malamai su kan bi gari gari suna rubuta kowane magidanci da sana'arsa domin yanka haraji. Ashe dai mun iya rubuta sunan mai sana'a in za a karɓa daga gare shi.

Abin mamaki, maganar Yanagi ta iso ƙasar nan da ƙafarta, tana da salsala kamar ta karatu. Leach ya zauna a Japan ya yi abota da Yanagi, ya koma Ingila cikin 1920 tare da Hamada suka kafa wurin gini a garin St Ives. Almajirinsa na fari shi ne Michael Cardew. Cardew ya zo Nijeriya cikin 1950 a kan aikin gwamnati na kula da ginin tukwane, ya zaga ƙasa, ya zaɓi Abuja ta da, wadda yanzu a ke kira Suleja, ya kafa makarantar gini a can. A gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya ga waɗansu tuluna da suka ɗauke masa hankali, na wata Bagwariya daga garin Kwali. Ku lura, Sarki ya san mai su, da aka tambaya ba a yi wata wahala ba. Cikin 1954 Ladi Kwali ta shiga makarantar, ita ce mace ta fari.

Labarinta ya nuna amfanin suna, ya kuma nuna abin da a kan biya. An kai aikinta nuni a Landan cikin 1958, ta zaga ƙasashe tana gini a gaban jama'a, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa cikin 1977, ta rasu cikin 1984. Tun 2007 hotonta yana bayan takardar naira 20, tana zaune tana aiki. Babu maginiyar da ta taɓa samun haka a ƙasar nan, ta kuwa cancanta. Dubi yadda ta ke zana kunama da ƙadangare da kada da hawainiya a jikin tulu, ta raba su gida gida, kowace dabba ta cika gidanta ba ta matsu ba, ba ta kuma yi iyo a fili ba. Wannan hannu ne da ya san abin da ya ke yi sarai, ba mai aiki cikin rashin sani ba.

Amma tulun da ta gina a makarantar ba tulun Kwali ba ne, ko da ya ke siffarsu ɗaya. An sāke yumɓun, an shafe shi da ruwan ƙyalli irin na tangaran, an gasa shi cikin tanderu da wutar da ta wuce 1,200 a ma'aunin zafi. Ya fito da ƙarfi kamar dutse, da nauyin da mace ba za ta so ɗauka zuwa rafi ba. Babban abin kuma, ba ya sanyaya ruwa. Randarmu tana sanyaya ruwa ne don jikinta yana da 'yan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa ya tsattsafo ta ciki, iska ta busar da shi, ta tafi da zafin. In ka toshe ƙofofin nan da ƙyalli ka kashe aikin. Tulun ya sami suna, ya sami kuɗi, ya sami akwatin gilashi a Turai, ya rasa ruwa. A nan sai na ga kamar Yanagi ya rama, gama shi ne ya ce kyan abu yana tare da moronsa. Ni dai in aka ajiye mini biyun, na ƙyallin zan fi daɗewa ina kallo, amma na ƙasar zan kai gida.

Saura abu guda da gidan nan na Tokiyo ya ke yi, wanda a ganina ya fi dukan rubuce-rubucen mai gidan amfani. Kowace shekara a kan yi nunin sababbin kaya. Masu sana'a daga ko'ina cikin ƙasar su aiko da abin da suka yi, alƙalai su zauna su tace, a ba waɗanda suka fi kyauta, a jera waɗanda aka zaɓa, jama'a su shigo su saya su tafi da su gida. A nunin nan kowane abu da sunan mai shi. Watau gidan da aka kafa a kan yabon marar suna, da ya zo ga rayayyun mutane masu bukatar abinci, sai ya koma ga suna da ciniki. Hakan kuwa shi ne daidai.

Ba na cikin masu zagin roba. Wanda bai taɓa ɗaukar tulu daga rijiya ba shi ke cewa a koma wa tulu. Jarka ba ta fashewa, yaro ya kan ɗaura huɗu a kura ya turo, matan gida sun huta, ba kuwa mai mayar da su. Abin da ya mutu don an sami wanda ya fi shi aiki, Allah ya ji ƙansa, a kai shi Gidan Makama. Amma akwai waɗanda ba a fi su aiki ba, kunya kawai ta kore su. Randa har gobe ta fi jarka ruwan sha a inda wutar lantarki ba ta zama, balle an jefa mata saiwar jema. Wani malami a Jihar Jigawa maƙwabciyarmu, Muhammad Bah Abba, ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma, sai ga kayan miya suna kwana da kwanaki ba su lalace ba. Ya ba magina aikin dubbai aka rarraba a ƙauyuka, har kamfanin Rolex ya ba shi kyauta cikin 2000. Bai roƙi kowa ya tausaya wa gargajiya ba, aiki ya nemo wa tukunya.

Da za a ba ni zaure guda a Zakirai ran kasuwa, ba zan tara kaya ɗari ba. Goma sun isa, a ba kowanne fili ya sha iska yadda Yanagi ya ke yi, kada a cika bayani. Amma a ɗan allon da ke gefe zan rubuta abu uku da shi bai rubuta ba: sunan mai yi, da ƙauyensa, da kuɗin abin. Ba gilashi. Randar kuwa a cika ta da ruwa tun daren jiya, a rataye moɗa a gefenta, duk wanda ya shigo ya sha.

Da na dawo daga Birni ran nan na shiga neman akushin kakana. Na same shi a bayan rumbu, a na zuba wa kaji ruwa a ciki, gefe guda ya tsage. Na wanke shi na kai wa gwaggona, wadda ita ce babba a gidanmu yanzu, na ce, "Gwaggo, ko kin san wanda ya sassaƙa wannan?" Ko juya shi ba ta yi ba ta faɗi sunansa, da sunan ubansa, da ƙauyensu, ta ce ai tare aka sayo shi da turmin da ya fashe shekarar da aka haife ni. Na bincika na tarar jikan mutumin yana nan yana sassaƙa, amma turmi da taɓarya da ƙota kaɗai. Ya ce rabonsa da a ba shi aikin akushi tun ubansa yana da rai. Na ba shi aikin guda biyu, na bar masa tsohon ya riƙa dubawa. Ya ce in saurare shi sai bayan kaka, in ya sami itacen da ya dace.